Na rabu da tiramadol, ciwon kuwa yana nan

Ciwo biyu nake ɗauke da su, kuma na daɗe ina shan magani kafin a raba mini su. Na farko amosanin gaɓɓai ne irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, inda take juyawa ta riƙa cin gaɓɓan mai ita. Likitoci na kiransa rumatoyid. Na biyu shi ne faibiromayaljiya, ciwon da ba ya kumbura, ba ya fitowa a hoto ko a gwajin jini, amma yana bin jiki tun daga ƙeya har dunduniya. Ni malamar firamare ce, a Tudun Jukun da ke Zariya nake zaune. Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne matan da nake haɗuwa da su a layin ganin likita. Kusan duk hanya ɗaya muka biyo: kemis, wanzami, asibitin kuɗi, sai ƙwayar da ke kwantar da zafi nan take alhali cutar tana ci gaba da ɓarna a ƙarƙashi.

Abin ya fara mini a hunturun 2017, bayan haihuwar autana. In na tashi da asuba yatsuna a sandare suke, hannu biyun duka, ban iya ɗaga buta, ban iya matse zanin goyo. Sai rana ta ɗaga sosai suke sakina har in riƙe alli. Manya suka ce sanyi ne ya shige ni, wai ban yi wankan jego yadda ya kamata ba. Surukata ta sa aka yi mini ƙaho, aka kawo rubutu, aka haɗa mini man zaitun da habbatussauda, kuma duk na yi, don da ƙauna aka yi mini. Daga nan aka nuna mini wani kemis da ke yin "haɗi": ƙwayoyi kala-kala a ƙulle cikin leda, ba suna, ba kwali, a sha safe da dare. Wallahi kwana biyu na tashi garau. Fuskata ta ciko, mata a gidan suna suna ce mini na murmure. Daga baya ne likita ya yi mini bayanin cewa irin wannan haɗin yawanci diklofenak ne ko firoksikam, a gama da firednisolon ko deksametazon, kuma cikar fuskar ba lafiya ba ce, aikin waɗannan biyun na ƙarshe ne. Kafin shekara ta zagayo ƙirjina ya kama da zafi, bayan gidana ya koma baƙi ƙirin. Gyambon ciki ya kama ni.

A wani asibitin kuɗi aka kwantar da ni. Likitan ya hana ni duk dangin diklofenak, ya rubuta mini omefirazol don cikin, sannan ya rubuta tiramadol mai miligiram 50, safe da dare, don gaɓɓan.

Ba zan zagi tiramadol a kan abin da bai yi ba. Ya taimake ni. Na koma makaranta, na yi girki, na goya ɗana. Wanda bai taɓa kwana yana juyi don zafin gaɓa ba ba zai gane darajar barcin dare ɗaya ba, kuma tiramadol ya ba ni wannan barcin. Matsalar ita ce babu wanda ya nemi sanin me ke kumbura gaɓɓan. Duk zuwa sai a sabunta takarda. Da ƙarfinsa ya fara raguwa a jikina aka mai da shi 100 safe da dare, da hannun likita, ban taɓa ƙara ko ɗaya a kan abin da aka rubuta ba. Duk da haka jikina ya saba. In lokacin sha ya wuce da awa biyu sai hamma ta taso, hanci ya fara zuba, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, raina ya ɓaci ba dalili har yara su riƙa kaucewa daga gabana.

A watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta yi kan maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Abin ya dace, don duk wanda ke Zariya ya san gidajen da kwalbar nan ta rusa, har da na matan aure. Sai dai daga lokacin duk mai riƙe da takardar tiramadol ya zama abin zargi. Wata rana na shiga wani babban shagon magani a Sabon Gari, na miƙa takardata mai hatimin asibiti. Yaron da ke bayan kanta bai kai ƙanena ba. Ya dubi takardar, ya dube ni daga hijabi har takalmi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Hajiya, har da ku? Wa ya rubuta miki wannan?"

Na ce, "Ga sunan likitan nan, ga lambarsa, ka kira shi."

Ya ce, "Babu. Ya ƙare."

Ina kallon kwalin a bayansa. Wani dattijo da ke jiran nasa maganin ya sunkuyar da kai. Na fito da yatsu a kumbure, na kasa ko zuge jakata, na tsaya bakin titi ina kuka har mai Keke Napep ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Daga ranar maigida ya karɓi sayen maganin. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne a tashar mota masu tallar magani a faranti suna sayar wa yara mai miligiram 225 ba takarda ba tambaya, alhali 50 da 100 kaɗai NAFDAC ta yarda da su. Mai ciwon da ta zo ta ƙofa da takarda ita ake tozartawa. Ban ce kada a bincika ba. A bincika, a kira likita, a rubuta suna a littafi, amma a ja mutum gefe a yi masa magana da mutunci.

Wata abokiyar aikina da ƙanwarta ke fama da lufus, wata cutar garkuwar jiki dangin tawa, ita ta matsa mini in nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Shika. A 2019 na je. Ga wadda ba ta taɓa zuwa ba: sammako ake yi, a wuce Kwangila da Samaru a miƙe hanyar Funtuwa, don mutane daga Katsina da Zamfara da sauran wurare duk nan suke tahowa. A yanki kati, a buɗe folda, a auna hawan jini da nauyi, sannan a zauna jiran kira. Ki tafi da ruwa da ɗan abin ci, ki kuma tafi da duk maganin da kike sha a cikin kwalinsa, har na gargajiya.

Likitan gaɓɓan bai fara da rubutu ba. Ya karɓi hannuna ya bi gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, yana faɗa wa ɗaliban da ke tsaye wadda ta kumbura da wadda ke ciwo kawai. Ya tambayi tsawon lokacin da sandarewar safe ke ɗauka. Ya tura ni gwajin jini na kumburi, da na hanta da ƙoda, da na ciwon hanta nau'in B, da wani na musamman da ke nuna rumatoyid, ga hoton hannu da na ƙirji. Da sakamako ya haɗu ya ce:

"Malama, shekarun nan zafi ake kashe miki, ba a taɓa cutar ba. Yanzu cutar za mu kama."

Kafin ya rubuta komai ya tambayi ko ina shayarwa, ko ina da ciki, ko muna da niyyar ƙarin haihuwa. Ya sa aka kira maigida daga waje. A gabansa ya ce babban maganin, metotireksat, yana zubar da ciki kuma yana nakasa jariri, don haka dole a yi tazara muddin ina shansa, in kuma muna son haihuwa a dawo a faɗa masa ya canza tun kafin a samu cikin. Maigida ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Likita, lafiyarta ce gaba." Ban taɓa manta wannan ba, don na san matan da a nan maganarsu ta tsaya.

Metotireksat sau ɗaya ake shansa a mako. Mai ba da magani ta maimaita mini wannan har ta rubuta ranar da jan biro a kan kwalin, ta ce wanda ya sha shi kullum zai iya rasa ransa. Na zaɓi ranar Juma'a da dare don in ya tayar mini da zuciya ina gida washegari. Ana haɗa shi da folik asid a wata rana dabam, ana kuma duba jini da hanta a kai a kai. Ya ƙara mini haidiroksikulorokwin kullum, tare da sharaɗin duba ido lokaci-lokaci, da firednisolon kaɗan wanda ya ce a hankali ake sauka daga kansa, ba a yanke shi rana ɗaya. Tiramadol kuwa ya ce, "Ba yau za mu taɓa shi ba." Ya gargaɗe ni cewa sabon maganin sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin in ga aikinsa, kuma a nan mutane da yawa ke karaya su koma wa haɗin kemis. Haka aka yi. Wajen wata na uku zoben aurena ya shiga yatsa.

Shekarar 2020 ta zo da nata. Da Donald Trump ya yaba wa kulorokwin a kan korona, masu kuɗi suka kwashe haidiroksikulorokwin suka ɓoye, ya yi wuyar samu, ya yi tsada, ga dokar kulle a jihar Kaduna. Ni ina da metotireksat da ke riƙe da ni. Masu lufus, waɗanda shi ne ginshiƙin maganinsu, su suka fi shan wahala, kuma ƙanwar abokiyar aikina sai da ta kwanta.

Bayan an buɗe gari ne ciwo na biyu ya bayyana. Gaɓɓai sun sace, gwajin jini ya yi kyau, amma ni ban ji daɗin jikina ba. Kafaɗu, wuya, baya, cinyoyi, ko'ina ciwo, har ɗaurin zani yana damuna. In kwana in tashi kamar ban runtsa ba. A aji in fara jimla in manta ƙarshenta, sunan yaron da na koyar shekara guda ya ɓace mini. A gida an fara cewa son jiki ne, wasu suka ce a duba ko jifa ne, tunda asibiti sun ce jini lafiya lau. Na shiga wurin likita da fargaba, don na san yadda ake kallon mai shan tiramadol in ta ce har yanzu tana jin ciwo. Ya saurare ni har na gama. Ya tambayi barci, da mantuwa, da ciwon kai, da yanayin ciki, ya ba ni zanen jikin mutum ya ce in nuna duk inda ke ciwo. Ya danna wasu wurare a ƙeya da kafaɗa da gefen gwiwa, na zabura. Ya juya ga ɗalibansa ya ce a ƙa'idar 1990 wurare 18 ake dannawa a nemi 11 masu ciwo, amma tun 2010 an koma duba yaɗuwar ciwon tare da gajiya da barci da mantuwa, kuma ba baƙon abu ba ne a same shi a jikin mai rumatoyid ko lufus. Sannan ya juyo gare ni:

"Malama, kin san lasifika in aka ƙure mata murya, ko numfashin liman sai an ji a bayan gari. Haka jijiyoyinki da ƙwaƙwalwarki suka koma. Taɓawar da wani ba zai ji ba, ke ciwo take iso miki. Ciwon na gaske ne, ba ƙirƙira kike yi ba."

Ya ce ƙara metotireksat ko firednisolon ba zai yi komai ba, tunda ba kumburi ba ne. Dangin diklofenak ma ba su cika amfani a kansa ba, masu ƙarfi irin su mofin kuwa ba a ba da shawararsu sam. Maganin da yake so ya gwada mini, amitiriftilin, haɗa shi da tiramadol na da haɗari, yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Don haka sai na sauka daga tiramadol tukuna. Ya bambanta mini abu biyu da nake so kowa ya sani: jiki ya saba da magani dabam, mutum ya zama ɗan ƙwaya mai neman maye dabam. Duk wanda ya daɗe yana shan irin wannan maganin jikinsa zai saba, ko waliyyi ne.

A 2021 muka fara. Ya zana mini jadawali a takarda, mataki-mataki, kowane mataki makonni, ana rage kaɗan. Maigida ya riƙe kwalin, shi ke miƙo mini, ba don rashin yarda ba, ni na roƙe shi, don da tsakar dare mutum ba ya tunani daidai. Matakan farko sun zo da sauƙi. Na ƙarshe su ne aiki. Zufa ta jiƙa zanin gado a cikin sanyi, gudawa, atishawa, ƙafafu suna ta motsi sai na tashi na yi ta zagaya tsakar gida har kiran sallar farko. Wani lokaci in na juya ido sai in ji wani abu ya tsarga mini a kai. Ga baƙin ciki da ke saukowa da la'asar ba tare da an yi mini komai ba, domin tiramadol ba zafi kaɗai yake taɓawa ba, yana taɓa sinadaran da ke riƙe da walwalar mutum. Akwai matakin da ya fi ƙarfina. Na koma na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, ya mayar da ni matakin baya, ya ce mu ƙara masa lokaci. Wannan sassaucin shi ya sa na kai ƙarshe. Da ya ɗaure fuska ya ce in yi haƙuri kawai, na san inda mutane ke zuwa in an rufe musu ƙofa, kuma tashar mota ba nisa.

Ƙanena da ya karanci haɗa magunguna a Samaru ya ba ni labarin cewa a Amurka ma an yi wannan kuskuren. Bayan ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar a 2016 don rage rubuta irin waɗannan magunguna, likitoci da yawa suka riƙa yanke wa tsofaffin majinyata magani kwatsam, har a 2019 hukumar kula da magunguna ta yi gargaɗi a daina, a 2022 kuma aka sake rubuta ƙa'idar. In ƙasar da ke da asibitocin kula da ciwo ta faɗa wannan ramin, mu da likitan gaɓɓai ke da wuyar samu sai mu fi kiyayewa.

Da na gama aka fara mini amitiriftilin ɗan kaɗan da dare. An san shi da maganin damuwa, kuma wata 'yar'uwata da ta ga kwalin ta tambaye ni a ɓoye ko taɓin hankali aka ce ina da shi. Ba haka ba ne, ƙaramin awo ake bayarwa don barci da rage ƙarar ciwo. Ya busar mini da baki, ya kuma sa asuba tana kuɓuce mini, abin da ya dame ni ƙwarai. Likita ya ce in dawo da shi bayan magariba maimakon lokacin kwanciya, sai aka dace. An gwada mini firegabalin, wanda ake sayarwa da sunan Lyrica, wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwon tun 2007. Wasu matan suna yabonsa. Ni jiri ya sa mini da ƙiba, ga tsada, aka sauke ni daga kansa a hankali.

Abin da na fi raina shi ya fi yi mini amfani. An tura ni sashen gashin ƙashi, suka koya mini miƙe jiki, suka ce in fara tafiya kaɗan kullum, kada in ƙure kaina ranar da na ji daɗi, kada kuma in kwanta gaba ɗaya ranar da na ji ciwo. Raina ya sosu da farko, na ga kamar an ce da mai ciwo ta tashi ta yi gudu. Likita ya ce a shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta fitar a 2017, motsa jiki ne kaɗai ya samu cikakken goyon baya a kan faibiromayaljiya, ya sha gaban duk ƙwayoyin. Yanzu bayan la'asar ni da maƙwabciyata mai ciwon suga muna zagaya filin makaranta. Ciwon bai tafi ba, amma barci ya gyaru, kuma ranar da barci ya gyaru ciwon ma yana sassautawa.

Azumi sai da muka zauna da likita muka tsara shi tun cikin Sha'aban. Firednisolon a sahur bayan na ci abinci, metotireksat bayan buɗa-baki a darensa, amitiriftilin da wuri don in iya tashi, ruwa da yawa tsakanin magariba da sahur saboda bushewar baki. A hunturu da ruwan ɗumi nake alwala, ranar da gwiwa ta ƙi kuma a zaune nake salla, kamar yadda addini ya sauƙaƙa.

Tun 2023, da aka cire tallafin fetur darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin magani da na gwaji da na motar zuwa Shika duk sun haura. A layi ina jin mata suna cewa sun koma shan metotireksat mako biyu sau ɗaya don ya kai su, wasu sun bar gwajin hanta, wasu sun koma wa haɗin kemis don ya fi araha kuma yana aiki a ranar. Wata yarinya daga Giwa, ba ta fi shekara ashirin da biyar ba, yatsunta sun riga sun karkace, ta nuna mini ledar haɗinta a cikin jaka tana tambaya ko ta nuna wa likita ko zai kore ta. Na ce ta nuna, na kuma shiga tare da ita. Bai kore ta ba. Ya zazzage ƙwayoyin a kan tebur yana faɗa mata sunan kowace da abin da take yi wa ciki da ƙoda da ƙashi, ya kuma gargaɗe ta kada ta watsar da su dare ɗaya saboda firednisolon ɗin da ke ciki.

Ni a yanzu metotireksat nake sha da folik asid da haidiroksikulorokwin da amitiriftilin, sai farasitamol ranar da abin ya motsa, shi ma ba a wuce giram 4 a yini. Firednisolon ya rage saura ɗan kaɗan. Likita ya ce in gwajin jinin da zan yi bayan Salla ya fito da kyau za mu fara sauke shi gaba ɗaya, kuma na riga na ware kuɗin gwajin daga adashin wannan watan.